Mushe a Ƙarƙashin Tagar Akawu

Shekarar da na gama sakandare aka gina wani sabon ofis a Jimeta, tagoginsa duk gilashi. Tsuntsu ya hango inuwar darbejiya a ciki, ya taho a guje, ya bugu, ya faɗo.

Malam Zadok, wanda ya koya mana kimiyya, ya nemi mai tsince mushen tsuntsayen kowace safiya ya kai masa. Wai zai nuna wa manya a Maiduguri ɓarnar. Aikin sa kai ne. Na yarda, tunda zaman banza nake a unguwar Rumde, ina jiran kujerar ƙaramin akawu da Bappa Bobboyi, ƙanin mahaifina, yake nema mini a wannan ofishin.

Kurciya, tsada, wasu ban ma san sunansu ba. Nakan naɗe su a farin ƙyalle. Sun fi yawa a ƙarƙashin tagar babban akawu, Malam Nata'ala, don ita ke kallon bishiyar.

Sai ƙafar Malam Nata'ala ta kumbura.

Bappa ya same ni a zaure. Bai amsa gaisuwata ba.

"Salihu, me kake binnewa a gindin tagar mutumin nan?"

"Ɗauka nake, Bappa, ba binnewa ba."

"Masinja ya gan ka tsugune, ga mushe a hannu, ga farin ƙyalle. Ga mutum kwance. Kai ne za ka bi Jimeta gida gida kana cewa ɗauka kake?"

"Gilashi ne ke kashe su. Malam Zadok zai shaida."

Ya yi 'yar dariya.

"Mai ajiye mushe cikin kwalba a ɗakinsa? Madalla. Kun zama biyu ke nan."

Na bi Bappa dubiyar Malam Nata'ala duk da haka. Ba a bar ni na wuce ƙofa ba. Ina tashi, uwargidan ta fito da tsintsiya da ruwa, ta share inda na zauna, ina kallo.

Kujerar, ɗan wani mai suna Bako aka ba, wanda bai gama aji uku ba.

Malam Zadok ya ce abin takaici ne ƙwarai. Ya gyara tabarau, sannan ya tambaya ko zan iya riƙa zuwa kafin masinja ya iso.

Ban sake zuwa tsintar ba. Bappa ya riga ya yi magana a kaina da shugaban leburori a bakin Binuwai. Jiragen ruwa sun iso, ana neman masu ɗaukar buhun gyaɗa.