Fulogi na Uku

Maza shida ne ke tura motar Baba Maharazu, maƙwabcinmu, a safiyar nan ta sanyi. Ta yi tari, ta fitar da farin hayaƙi, ta sake yin shiru. Shi kuwa yana kwance kan tabarma a zaure, ƙirjinsa na kuka, ana jiran motar ta tashi a kai shi asibitin Turawa a Sakkwato. A ranar babu wata mota a Illela sai ita.

Ina laɓe jikin katanga, sai ga ƙanensa Halliru da jakar sifanoni, kayan gyaran mota. Shekara biyu ba sa magana, tun ranar da Halliru ya dawo daga koyon kanikanci ya ce wa yayansa a gaban mutane bai san inji ba.

"Mi ya kawo ka?" in ji Inna Ramatu, matar Baba Maharazu. "Kallo ka zo?"

"Kallo na gama yi, Ramatu. Wata guda ina kallonai yana hura wuta ƙarƙashin mota, kamar mai gashin rago."

Gaskiya ya faɗa. Tun da sanyi ya shigo, kullum da safe Baba Maharazu sai ya kwanta a ƙasa mai raɓa, ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin injin, yana fifita yana shaƙar hayaƙi har motar ta ɗumama. A nan ciwon ƙirjin ya kama shi.

Halliru ya hau ya murɗa makulli, ya tsura wa wata 'yar waya ido a gaban sitiyari, wadda ke yin ja in injin ya gasu. Ba ta yi ja ba.

"Na gaya mishi! Mota mai shan gas ba ta tashi da sanyi sai fulogi sun gasa mata ciki. Huɗu ne, a jere suke kamar raƙuman ayari. Guda ya mutu, duk sun tsaya."

Daga zaure muryar Baba Maharazu ta fito a shaƙe. "Ku ce ya sauka... batir ne."

"Batir lafiya lau yake, Yaya. Kanka ne ba ya ɗaukar caji."

"Marar kunya!" Inna Ramatu ta ce. "Mutum na kwance kana gaya mishi magana?"

Halliru ya sauko daga motar. Ya buɗe injin, ya ɗauki guntun waya yana taɓa fulogin ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi tartsatsi, na biyu ma haka. Na uku shiru. Ya tofar da yawu, ya ɗaura wayar ta tsallake mataccen, ya koma ya murɗa. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirga. 'Yar wayar ta yi ja sannu a hankali, injin ya kama da ruri har kaji suka watse.

"Ku ɗauko shi!" ya yi ihu. "Aikin da bai kai shan fura ba, a kansa ya kashe kainai!"

Babu wanda ya motsa. Liman Lawwali, wanda ke zaune wajen mara lafiyar, shi ne ya fito daga zauren, ya tsaya, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Inna Ramatu ba ta yi kuka ba tukuna. Ta dubi Halliru ta ce, "Jiya ma ka san hanyar gidan nan."

Ya kashe injin. Da aka shiga da gawar cikin gida, na leƙa ta ƙofarmu. Halliru yana zaune shi kaɗai a kan matakin motar, hannuwansa baƙi ƙirin a kan gwiwa, ƙarfen na ƙas-ƙas yana hucewa.