Mariƙin Tirela a Ɗakin Baba Sati

Sau biyu Dalhatu mai walda yana ƙera wa Baba Sati abin hawa gado, sau biyu kuma yana ɗauko kayansa ya dawo da su shagonsa na Samaru a bayan babur.

Baba Sati tsohon direban tirela ne, gidansa na Muchia. Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hagu. Yana iya takawa da sanda, yana cin abinci da kansa, amma gado ya gagare shi. Gadon ƙarfe ne mai tsayi, na marigayiya matarsa Lucia, ya kuma rantse ba mai yanke masa ƙafa. Ya rantse kuma 'yarsa Ƙauna ba za ta ɗaga shi kamar jariri ba. Don haka a kujera yake kwana, ƙafafunsa duk sun kumbura.

Ƙauna malamar firamare ce, ranar Litinin hutunta zai ƙare. Yayanta Nelson ya ce in dai Baba bai iya hawa gado shi kaɗai ba kafin ranar, zai zo da mota ya tafi da shi Kaduna, a kulle gidan. Baba Sati ya ce shekara arba'in yana wannan gida, a nan cocinsa take, a nan abokan dararsa suke, ba inda za shi.

Na farko da Dalhatu ya ƙera shinge ne a gefen gado, irin wanda ya gani a asibiti. Baba ya dafa, ya danna, jikinsa ya ƙi tashi, ya koma kujera. Na biyu matakala ce mai hawa biyu. Baba ya hau ɗaya, ya tsaya yana lilo, sai da Ƙauna ta riƙe shi, abin da ya fi tsana ke nan.

"Kai ɗan walda," in ji shi, "ka tabbata ba ƙofar kejin kaji kaɗai ka iya ba?"

Dalhatu ya yi dariya, amma hankalinsa yana wani wuri. Akwai abin da ya gani sau biyu, ya kasa fita masa a rai. Duk lokacin da tsohon ya fuskanci gado, kafin ya dafa komai, sai hannunsa na dama ya tashi sama, ya wuce kansa, yatsun su dunƙule a iska, sannan ya sauko. Ya tambayi Ƙauna a zaure, ta ce ai ciwon ne, tun da aka sallamo shi yake haka. Amma Dalhatu ya lura ba ya yin haka in zai zauna a kujera, ba ya yi in zai sha ruwa. Sai gado kawai. Kuma hannun daman lafiyarsa ƙalau. To me yake nema a sama?

Ya kwana biyu yana juya abin. Har a shago sai ya tsaya gaban tebur ya ɗaga hannu ya kama iska, maƙwabcinsa mai faci yana tambayarsa ko lafiya.

Ranar Juma'a da safe ya shiga Sabon Gari sayen bututu. Yana tsaye ƙofar shagon Uzodinma mai kayan gyaran mota, sai ga wani direba ya fito da leda a baki zai hau tirelarsa. Ya buɗe ƙofa, bai ko duba ba, hannun dama ya tashi ya cafke mariƙin da ke jikin ginshiƙin ƙofa. Ƙafa ɗaya ta taka, jiki ya murɗa, ƙafar dama ta shige, sai ga shi zaune. Dalhatu ya roƙe shi ya sauko ya sake hawa. Direban ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, amma ya sauko ya sake.

Dalhatu ya ce wa Uzodinma mariƙin ƙofar tirela yake so, tsoho, ba sabo ba. Uzodinma ya ce shekara ashirin yana wannan kasuwa, ba a taɓa sayen mariƙi ba mota a wajensa ba. Ya tona wani buhu a bayan shago ya ciro ɗaya, fentinsa duk ya goge a tsakiya inda hannu yake kamawa.

Bayan an sauko daga masallaci ya nufi Muchia, ba da injin walda ba, da alli kawai. Ya ce wa Baba ya tsaya gaban gado kamar zai hau. Hannun ya tashi. Dalhatu ya yi sauri ya sa sanda ya auna tsayin, ya ja layi a bango.

"Baba, wace mota kuka fi daɗewa a ciki?"

Tsohon ya kalle shi. Ya ce wata shuɗiya ce, shekara goma sha tara, Zariya zuwa Legas da buhunan masara. Me ya kawo maganar mota?

Dalhatu ya ciro mariƙin daga jaka ya miƙa masa. Baba Sati ya karɓa, ya juya shi, ya sa babban yatsa a wurin da fenti ya goge.

Ranar Asabar Dalhatu ya zo da bututu mai kauri. Ya ɗaure shi da noti a jikin gadon, bai yanki komai ba, ya kafe samansa a bango, ya liƙa mariƙin daidai layin alli. Ya dawo da matakalar, ya cire hawa ɗaya. Baba ya kama mariƙin, ya ja, jikinsa ya tashi tsaf, amma da ya murɗa sai ya samu kansa yana fuskantar matashin kai, ƙafarsa za ta faɗa inda kai yake kwanciya. Ya sauko yana huci.

Ƙauna ta ce a bari haka nan, ya gaji. Dalhatu ya tsuguna yana kallon gadon. A mota, in direba ya hau, gaba yana hagunsa. A nan kuwa hagun Baba can ne matashi yake. Ya tashi ya ɗauke matashin ya mayar ɗaya gefen, kusa da bututun.

"Baba, na juya muku motar. Yanzu kanta na kallon Legas."

"Ja da baya," in ji Baba Sati. "Ke ma, Ƙauna. Kada wanda ya taɓa ni."

Ya jingine sandarsa. Hannu ya tashi, wannan karon ya samu abin da yake nema. Ƙafar dama ta taka matakala, jiki ya murɗa, ya zauna a bakin katifa, ya shigar da ƙafar dama. Sannan ya saki mariƙin, ya sa hannu ƙarƙashin gwiwar hagu ya ɗago ta, kamar mai ɗora jaka. Ya koma da baya a hankali har kansa ya taɓa matashi.

Ƙauna ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Baba Sati ya kwanta yana kallon silin. Can ya ce kujerar motar nan ta cika laushi, ba za a yi doguwar tafiya da ita ba. Ya ce wa Ƙauna ta kira yayanta ta gaya masa kada ya ƙona mansa a banza.

Ta ce sai ta ga ya sake yi sau uku tukuna, har da sauka.

Dalhatu ya riga ya tsuguna gefen matakalar da allinsa a hannu. Tun a Sabon Gari ya lura direban nan da baya ya sauko, fuskarsa na kallon mota, yana so ya ga ko Baba ma haka zai yi.

"Baba, in kun huta," ya ce, "ku nuna mini yadda ake sauka."