Dutsen Niƙa a Reshen Ɗorawa

A shekarar 1986, Malama Rahab ce kaɗai ke koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare da ke kan hanyar Dayi. 'Yar manomi ce daga ƙauyukan Malumfashi, a hannun 'yan mishan ta yi karatu. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, don haka da abin da hannunta ya kai take koyarwa.

Da aka zo darasin ajiyayyen ƙarfi da ƙarfin motsi, ta yi ta bayani a allo, 'yan aji biyu sai kallonta kawai suke. Washegari ta zo da ɗan dutsen niƙan mahaifiyarta da igiyar guga. Ta ɗaure shi tamau a reshen ɗorawar da ke bayan aji, ta ja da baya da shi har ya taɓa hancinta.

"Yanzu ba ya motsi," in ji ta, "amma ƙarfin da na sa na ɗaga shi yana nan ajiye. In na saki, sai ya koma ƙarfin motsi. Kuma ba zai wuce inda ya taso ba, don ba shi da fiye da abin da na ba shi."

Ta saki. Dutsen ya tafi fuu, ya juyo. Yara suka yi ihu, wasu suka rufe ido. Ya zo dab da hancinta, ya tsaya, ya koma. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Kafin a tashi, har mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta ji labari.

Bayan mako biyu aka ce sufeto na tafe daga Kaduna. Malam Sada, mataimakin shugaban makarantar, wanda tarihi yake koyarwa, ya kira ta ofis.

"Ni zan nuna wa baƙo abin nan naki. Ke ki tsaya cikin yara."

"To, Malam. Amma don Allah saki kawai za ka yi, kada ka tura."

"Ni za ki koya wa riƙon dutse?"

Ranar da sufeto ya zo, Malam Sada ya sha babbar riga. Ya jawo dutsen zuwa fuskarsa, ya ga sufeto na duba agogo, sai ya ingiza dutsen da hannu biyu don abin ya yi armashi. Rahab ta buɗe baki, amma dutsen ya riga ya juyo. Haƙora uku ya zubar masa, jini ya wanke gaban rigar.

A rahoton da aka aika Kaduna an rubuta cewa wata malama ta rataye abu mai haɗari inda yara ke wasa. Babu wanda ya tambaye ta yadda aka yi. Aka karɓe kimiyya daga hannunta, aka ba ta ɗinki da girki. Shekara na zagayowa aka ba Malam Sada shugabancin wata makaranta wajen Funtua.

Wata rana a ajin ɗinki, Kudirat, 'yar wani mai shagon yadi, ta matso kusa da ita.

"Malama, don ya tura ne ya buge shi, ko? Ya ƙara masa ƙarfi."

Rahab ta karɓi ƙyallen da ke hannun yarinyar. Ta juya shi.

"Ɗinkin nan ya karkace," ta ce. "Warware ki sake."