Takalman Jabbur

Ranar Talata sha huɗu ga Janairu, Jabbur ya shigo shagon ƙanensa Sarkis bayan shekara arba'in da huɗu a Ostireliya, ya ce takalmin zamiya a kan dusar ƙanƙara yake so.

Sarkis na bayan kanta kusa da murhu, yana karatu. Tun da matarsa Nuhad ta rasu littafi ya zama abokin hirarsa, don shi littafi in ya ishe ka sai ka rufe shi, kuma ba ya riga ka mutuwa. Ya ɗago ya dubi tsohon da ke bakin ƙofa yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga hularsa. Ya san yana gari. A Bsharri, ƙaramin garinsu na kan dutse, baƙo ba ya ɓuya, tun Lahadi mutum biyar suka gaya masa, har da mai burodi. Amma ƙato ya shirya gani, mai wuyan bijimi, wanda yake saɓa akwatin tuffa biyu a kafaɗa. Wannan kuwa rigar sanyi ce ta shigo da ɗan mutum a cikinta.

"Na haya ko na saye?" in ji Sarkis, bai tashi ba.

"Haka ake gaida yaya a garin nan yanzu, Auta?"

"Haka ake gaida mai ciniki. Ga benci."

Shekara ashirin da tara ke nan babu magana tsakaninsu, kuma Sarkis ne ya rufe ƙofar. Jabbur ya tafi farkon yaƙin basasa ya bar shi da mahaifiyarsu, Zumurrud. Shekara shida ta yi a kwance, rabin jikinta a mace. Sarkis da Nuhad ke juya ta, su wanke ta, su ba ta miyar kishk da cokali. Jabbur bai zo ba. Da farko takardu ne suka hana, daga baya gidan abincin da ya buɗe a Sidni, daga baya kuma kunya. Da ta cika, Sarkis ya rubuta masa wasiƙa mai layi biyu: an binne ta ranar Juma'a, kuma har ta mutu ba ta ambaci sunanka ba. Layin farko gaskiya ne. Na biyun ƙarya ce, ya kuma zaɓe ta a tsanake, yadda mahauci ke zaɓen wuƙa. Jabbur ya yi ta aiko da wasiƙu bayan nan, ba a amsa ko ɗaya ba. Da shekaru suka ja, Sarkis ya sha yi wa kansa alkawari cewa duk ranar da suka haɗu zai janye layin nan. To ga ranar ta zo, ta zauna a bencinsa tana kwance igiyar takalmi.

Jabbur bai taɓa ɗora ƙafa a kan allon zamiya ba, dogayen allunan nan biyu da ake maƙala wa takalmi a sulalo da su, kuma duk tsofaffin gari sun san dalili. Babansu ya ce ƙafar ɗan fari ta gona ce, in ta karye wa zai yi tuffa. Saboda haka ya yi samartakarsa yana ɗaukar wa mutanen Bairut allunansu a baya zuwa saman dutse, su sulalo ƙasa suna ihu, shi ya biyo su yana nutsewa har gwiwa. Sarkis ɗan auta ne, ba wanda ya ƙirga ƙafafunsa, shi ya sa ya iya. Yanzu Jabbur yana da shekara saba'in da ɗaya, ya ce sau ɗaya yake so ya sauko daga dutsen nan a tsaye kamar mutane. Kuma saye zai yi. Ya ɗauki kayan mutane ya ishe shi, ba zai kuma sa na haya ba.

Ya ce lambarsa arba'in da huɗu. Sarkis ya ce duk wanda ya shigo sai ya faɗi lambarsa kamar an tambaye shi, ya ce masa ya cire safa. Safa biyu ce ta ulu, mai kauri, irin ta masu gadi. Sarkis ya tsuguna, ya ɗora ƙafar a kan ma'auni, santimita ashirin da bakwai. Sannan ya kama ta da hannu, don ma'auni tsawo kawai ya sani.

Ƙafar a kumbure take, fatar tana sheƙi. Ya danna babban yatsa a saman idon sawu, ya ɗauke. Ramin ya tsaya yadda yake, kamar a kwaɓin burodi. Shekara arba'in yana kama ƙafafun mutane, amma irin wannan ramin a gida ya fara saninsa, a ƙafar Nuhad, shekararta ta ƙarshe.

Ya tashi ya ɗauko takardar da ake duba ƙarfin maƙalin allo, wanda ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi. Takardar tana son shekaru, tsayi da nauyi. Jabbur ya ce kilo hamsin da tara.

"Likita ya san kana nan?"

"Likita ya san abin da ya sani. Ni ma ya gaya mini. Kawo takalmin."

Ya kawo masa mai laushi, na masu koyo. Shigar da ƙafar sai da ta zama kokawa, Jabbur yana zagin wanda ya ƙera shi da uwarsa da ubansa. Da aka ɗaure maɓallan takalmin guda huɗu, Jabbur ya ce yatsunsa na taɓa gaba, a ba shi na sama da wannan. Sarkis ya ce abin da yake faɗa sau ashirin a rana: mai koyo kullum babba yake so, kuma takalmin da ya yi maka daɗi a shago shi zai ci amanarka a kan dutse, diddige yana yawo, farce yana mutuwa. Ya sa shi ya lanƙwasa gwiwa ya jingina ƙwauri a gaban takalmin. Yatsun suka ja baya. Jabbur ya yi tsaki, wanda a gidansu shi ne amincewa.

Sauran kayan ba su ɗauki lokaci ba. Allunan da suka kai masa haɓa, don gajere ya fi jin magana. Sanduna daidai gwiwar hannu. Safa siririya guda ɗaya. Da Sarkis ya miƙo masa hular kwano, ya juya ta ya ce me ya rage a kan da za a kare. Sarkis ya ce ba don kan ba ne, don dutsen ne. A nan suka kusa yin dariya, su duka biyun.

Sai aikin da ya sa ake baro Bairut a zo shagon Sarkis. Kowane takalmi yana da ciki mai laushi da ake zarewa. Sai a ɗumama shi a ɗan tanda, a mayar, mai shi ya sa, a ɗaure, ya tsaya minti goma gwiwa a lanƙwashe har cikin ya huce ya ɗauki siffar ƙafarsa. A minti goman nan mutum ba ya zama, ba ya tafiya, ba ya iya fushi ya fita. Sarkis ya ji abubuwa da yawa a cikinsu. Mata sun gaya masa abin da ba su gaya wa mazansu ba, wani fadan coci ma ya taɓa gaya masa abin da ya kamata ya gaya wa wani fadan. Ya murɗa agogon kicin ɗin da yake aiki da shi, ya ajiye a kanta, ya ce a ransa, yanzu.

Mintin farko ya tafi a kan gonar tuffa. Na biyu da na uku a kan waɗanda suka mutu, kuma ba a gama lissafin ba. Jabbur ya yi masa ta'aziyyar Nuhad, ya ce ya ji a bakin wani a coci a Sidni, bayan wata biyar. Sarkis ya ce an gode. Tsohon ya dafa kafaɗar ƙanensa, hannun ba nauyi.

"Na je wajen Inna jiya," in ji shi. "Ban daɗe ba. Wanda ba a ambata ba, tsayuwar me zai yi."

Sarkis ya dubi agogo. Saura minti uku.

"Ba ƙorafi nake ba, Auta. Ta yi daidai. Da ni ne ita, haka zan yi."

Babu ƙofar da ta fi wannan faɗi, makaho ma zai shige. Amma gaskiyar tana da rabi biyu, kuma ba a iya ba da rabin da zai warkar da Jabbur ba tare da rabin da ke cin Sarkis ba. Ga kuma hannun nan a kafaɗarsa, kafaɗar da ta yi shekara shida tana ɗaga tsohuwa babu taimakon yaya. Wani abu da ya ɗauka ya mutu tuni ya motsa a ƙirjinsa, ya ce wannan mutumin ya ƙara ɗanɗana minti ɗaya tukuna. Mutum yana iya karanta littafi dubu a kan yafiya, ba ko ɗaya da zai buɗe masa baki.

"Kada ka miƙe gwiwa," in ji Sarkis. "Za ka ɓata aikin."

Agogo ya kaɗa.

Da aka cire takalman, ƙafar dama lafiya lau. Ta hagu kuwa akwai jan tabo a samanta, faɗin yatsa biyu, inda robar waje ta danne kumburin. Jabbur ya ce ba komai, a ɗaure masa kayansa. 'Yarsa Mirna, wadda ta rako shi daga Sidni, ta yi hayar mota, kuma rediyo ya ce gobe Laraba gari zai yi garau. Ya riga ya yi magana da wani mai koyarwa.

Sarkis ya ce takalmi ba ya fita shagonsa da irin wannan tabo. Rabin sa'a a kan dutse, cikin sanyi, jini zai daina kaiwa yatsu. Dole a gasa robar, a buɗa ta a matsi, a bar ta ta huce a hankali, sannan a sake ɗumama cikin, a sake tsayawa minti goma. Ya dawo Alhamis. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kowane mai sana'ar zai sa hannu a kai. Abin da bai faɗa ba shi ne aikin na yamma ɗaya ne, da safe ma za a iya gamawa kafin motar ta ɗumama. Kwana biyu yake so ya shirya bakinsa.

"Alhamis," in ji Jabbur, kamar yana auna kalmar a tafin hannu. Ya mayar da safarsa biyu a hankali. "Kai da Baba dai kun rantse ba zan hau dutsen nan ba."

A bakin ƙofa ya juyo ya ɗora hannu a ƙeyar Sarkis, yadda yake yi masa suna yara in zai tura shi aike, ya fita.

Laraba gari ya yi garau kamar yadda rediyo ya ce. Daga ƙofar shagon ana hango masu zamiya ƙanana ƙanana suna gangarowa. Sarkis ya gama takalmin tun kafin ƙarfe tara. Sauran yinin ya yi shi yana jera kalmomi, yana cire wasu, yana mayarwa. Gidan da Jabbur ya sauka bai fi tafiyar minti bakwai ba. Sau biyu ya sa rigar sanyi, sau biyu ya cire. Ya ce maganar ta fi kyau a shago, inda mutumin ba zai iya juya baya ba, inda shi kuma zai iya faɗinta a tsugune yana kallon takalmi.

Alhamis ya dafa gahawa ta mutum biyu. Ya kunna tanda da ƙarfe goma, ya kashe, ya sake kunnawa da azahar. Wajen ƙarfe uku wata mace mai idon Zumurrud ta shigo ta ce ita ce Mirna. Ta kira shi Baffa, bakinta bai saba da kalmar ba. Ta ce babanta ya yini jiya a bakin taga yana kallon dutse, da la'asar numfashi ya fara yi masa wuya, suka gangara da shi asibiti a Tarabulus, birnin da ke ƙasan dutsen. Ya cika da asuba.

Sarkis ya kashe tanda. Ya ce akwai wuri a kabarin gidansu, kusa da Inna, zai je ya ga fadan coci yanzu.

Mirna ta girgiza kai. Ta ce ya bar wasiyya a rubuce tun kafin su taso, kuma ya maimaita mata a mota jiya: a mayar da shi Sidni. Ya ce kada a kwantar da shi kusa da mahaifiyarsa, ba zai takura mata ba. Ta riga ta fara neman takardun jirgi. Ta tambaya ko akwai wani abu na babanta a nan da ya kamata ta ɗauka. Sarkis ya buɗe baki, ya ga cewa in ya faɗa mata, abin da zai ba ta kawai shi ne sanin cewa ubanta ya yi shekara ashirin da tara yana ɗauke da kayan da babu su. Ya ce babu. Ta sumbace shi a kumatu sau uku, ta tafi.

Ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe shago, ya zauna a benci, a gefen da mai ciniki ke zama. Kalmomin suna nan a jere yadda ya shirya su jiya, ba su san an fasa ba.

Yaya, ƙarya na yi maka. Kwana ukunta na ƙarshe ba ta san ni ba. Hannuna take riƙewa tana kirana Jabbur, tana cewa ka dawo, ɗana, ka ci abinci? Ni kuma ina cewa na dawo, Inna, na ci. Sunana ne ba ta ambata ba.