Inabin Tarcisio na Ƙarshe

Ranar da aka binne Tarcisio, mahaifiyarsa Gelmina ta bi gidan taga-taga tana rufewa, kamar yadda ake yi a gidan da aka yi rashi. Duk da ciwon gwiwa ta hau har ɗakin sama, inda aka shanya inabin bana a kan gadajen kara. Ta rufe tagoginsa, ta kulle ƙofa, ta jefa makullin a aljihu.

Ornella, matar mamacin, ta ƙyale ta. Amma inabin nan shi ne na ƙarshe da mijinta ya tsinka da hannunsa. Inabin giyar Amarone kuwa iska yake so, ya yi ta motsewa har tsakiyar sanyi kafin a matse shi. In ba iska, sai fumfuna.

Sai kuma ruwa ya sauko, ya ƙi ɗaukewa.

Ran Lahadi maƙwabciyarsu ta aiko da naman doki da aka dafa cikin jar giya, da tuwon masara. Sun zauna ci ke nan, a cikin duhun rana tsaka, wari ya gangaro ta matakala, kamar na jiƙaƙƙen bargo.

"Mama, ba ni makullin sama," in ji Ornella.

"Ci abincinki."

"Ba ki jin warin nan?"

"Warin rowa nake ji. Wannan naman giyar arha ya sha. Da ɗana na nan, kare zai tura wa."

"Inabinsa ne ke ruɓewa, Mama."

Gelmina ta ajiye cokali. "Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kike so ki wangale gida? Duk yankin nan na Valpolicella ana hango tagogin nan. So kike a ce kin gaji da baƙin kayan makoki?"

"A ce."

"'Yar manoman shinkafa! A garinku cikin ruwa kuke tsayawa kamar kwaɗi, yau ke za ki koya mini inabi?"

Ornella ta dubi kujerar Tarcisio. Can yake zama, ya gutsuri tsohon cuku, ya kurɓi Amarone, ya rufe ido, ba mai yi masa magana sai ya haɗiye. Ta miƙe, ta ɗauki ƙarfen tona wuta daga murhu.

"Ornella! Ki taɓa ƙofar nan, ba ni ba ke!"

Ta hau. Ta yi ta dukan kwaɗon ƙofar har ya ɓalle. Warin ya mare ta. A kan gadajen da ke kusa da ƙofa, nonnan inabi sun yi furfura, wasu suna tsiyaya. Ta ruga wajen tagar da ke kallon gari, ta kama sakata.

Sai ta ji sanda a matakala. Ƙwas. Ƙwas. Gelmina ta bayyana a bakin ƙofa tana haki, almakashi a hannunta.

"Saki tagar nan."

"Ba zan saki ba. Sai dai ki soke ni."

Tsohuwa ba ta dube ta ba. Gadajen take kallo, da yadda ɗanta ya jera kowane nono, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

"Na ce saki, sakarya. Iskar wannan gefen jiƙaƙƙiya ce, ƙarasa shi za ki yi. Ta wajen duwatsu ake fara buɗewa. Shekarun da kika yi da shi ba ki taɓa lura ba?"

Ornella ta tsallaka ɗakin, ta ture tagar arewa. Iska mai sanyi ta shigo. Gelmina ta riga ta sunkuya tana yanke ruɓaɓɓu tana zubarwa a ƙasa. Ta zaro wani almakashin ta miƙa mata ba tare da ta ɗago ba.

Suka yi ta yanka. Can tsohuwa ta tsinki ƙwaya ɗaya daga gadon da ke can ciki, ta tauna.

"Rabi ya tafi," in ji ta. "Sauran zai kai."

Ta nuna tagar gari da almakashi. "Waccan, in rana ta fito, ni zan buɗe ta da hannuna. Ni za su zaga. Ke yi ta yanka, kuma ki daina ɗiga masa hawaye, danshin ya ishe shi."