Wuƙar da Ta Sauka a Garo

Malam Jibirin malamin gona ne a Gwarzo, amma in ka tambayi maƙwabtansa abin da suka san shi da shi, sai su yi murmushi su ce wuƙaƙe. Ba mahauci ba ne, ba wanzami ba, ko kaza ma maƙwabci yake kai wa ya yanka masa. Tarawa kawai yake yi. Guda talatin da huɗu yake da su a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, kowace a kubenta. Ranar Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma ya fito da su, ya goge, ya shafa musu mai, ya ɗan zuba musu ido, ya mayar. Matarsa Sa'a ta daɗe da daina magana a kan haka.

Shi ya buɗe zauren WhatsApp na masu irin wannan sha'awar, mutum wajen sittin, daga Kano har Katsina da Jos. Tun ranar da aka damfari wani ɗan zauren da hoton wuƙar da mai tallar bai taɓa riƙe ta ba, Jibirin ya zauna ya rubuta dokoki. Mai sayarwa zai ɗauki hoton wuƙarsa kusa da takardar da ya rubuta sunansa da kwanan wata da hannunsa. Ba a sayar wa yaro, ba a sayar wa wanda babu wanda ya tsaya masa. In musaya ce, sabon shiga shi zai fara aikowa. A gaya wa direba gaskiyar abin da ke cikin kwali. Wanda ya karɓi saƙo kuma ya buɗe shi a gaban kyamara, tun daga yanke salatif har ƙarshe, ya turo kowa ya gani. In abin da aka samu ba shi aka yi alkawari ba, mai aikowa zai fita daga zauren sai an warware maganar. Mutum huɗu Jibirin ya taɓa fitarwa a kan wannan, kuma kowanne sai da ya raka shi da nasiha ta minti bakwai.

Cikin damina aka shigo da wani Malam Gamaliel, mutumin Filato da ke koyar da lissafi a wata sakandare a Kabo. Yana da wata wuƙa mai naɗewa ta ƙasar waje, wadda Jibirin ya kwana biyu yana zuƙo hotonta yana kallo. Shi kuma Gamaliel idonsa ya faɗa kan wata wuƙar Buzaye ta Jibirin, mai ƙotar ƙaho da kuben jar fata. Suka daidaita a kan musaya. Gamaliel ya aiko tasa kamar yadda doka ta ce, Jibirin ya buɗe a gaban kyamara, ya yaba masa da cewa ga wanda ya karanta dokoki ya fahimta.

Ranar Laraba da safe ya zauna naɗe tasa. Ya sa ta a kube, ya ɗaure bakin kuben da zare, ya nannaɗe da tsumma, ya sa a leda, ya cusa cikin kwalin sabulu ya cike gefe da tsofaffin takardu. Sa'a na tsaye tana kallo.

"Baban Murja, tunda ka iya haka, ga daddawar da zan aika wa Gwaggo Asibi a Garo ma ka ɗaure mini. Motar da za ta Kabo ai ta Garo take bi."

Ya ji daɗin wannan yabo. Ya ɗauko wani kwalin sabulun, ɗan'uwan na farko, ya ninka wa daddawar leda uku don kada wari ya dami fasinjoji, ya liƙe duka biyun da salatif har ba a ganin kwali. Sannan ya rubuta lambar waya a kan kowanne, yana yi wa Sa'a bayanin yadda ganganci ke jawo wa mutane asara. A tasha ya damƙa wa Sajo direba, ya nuna masa da yatsa: wannan wuƙa ce ta ado, wannan kuma kayan miya.

Bayan La'asar yana gona a Kutama, yana duba wa wani manomi masarar da tsutsa ta kama, wayarsa ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ya koma gindin bishiya ya buɗe. Gamaliel ne ya turo bidiyo a zaure.

Ga shi nan zaune a ofishin malamai, ya nuna kwalin ta kowane gefe, ya faɗi kwanan wata, ya fara yanke salatif a natse. Ya cire ledar farko, ya ce lallai Malam Jibirin ya iya ɗauri. Ya cire ta biyu, ya ɗan dakata, ya shaƙi iska. Da ya kwance ta uku sai ya ɗaga ƙwallon daddawa guda ya nuna wa kyamara gaba da baya, kamar yadda ake nuna kaifin wuƙa.

"To, jama'a," in ji shi cikin ladabi, "abin da na samu ke nan. Guda ashirin ne. Da alama dai mai kyau ce."

Ƙarƙashin bidiyon saƙonni sun haura ɗari. Wani ya tambaya ko ƙirar Agadas ce. Wani ya ce a gwada ta a kan takarda a ga ko tana yanka. Zayyad, wani mai gyaran waya a Katsina wanda Jibirin ya taɓa fitarwa na sati biyu, shi kuwa sai ya kwafo doka ta shida ya liƙa, ya sa mata ɗan hoton hannu mai nuni.

Jibirin ya zauna a kan tushen bishiyar. Ya kira Sajo, Sajo ya ce shi lamba ya bi, kuma rubutun ba nasa ba ne. Babu wanda zai ɗora wa laifi, shi da kansa ya sauya lambobin. Ya rubuta wa zauren cewa kuskure ne daga wajensa, ya miƙa wa Zayyad riƙon shugabanci, ya fitar da kansa. Kafin ya danna, sai da ya ga Zayyad ya rubuto cewa suna jiran nasihar.

Ya kira Gamaliel ya ba shi haƙuri. Gamaliel ya yi dariya ya ce ba komai, gobe ba shi da darasi bayan ƙarfe goma sha ɗaya, su haɗu a Garo su karɓo tare.

Washegari suka haɗu a bakin titi, karon farko ido da ido. Gamaliel dogo ne siriri, da kwalin daddawa ɗaure a bayan babur. Ya ce saura goma sha takwas, domin matarsa Nanret ta riga ta jefa biyu a miya, kuma ta ce a tambayo mata wadda ta yi.

Sun tarar da Gwaggo Asibi a tsakar gida kan kujera 'yar tsuguno, da faranti a gabanta, tana yanka kuɓewa. Jibirin ya durƙusa ya fara gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar da ke damunta, ya tambayi damina, amma idonsa na kan hannunta. Wuƙar Buzayen ce, yauƙin kuɓewa har ƙota. Kuben jar fatar kuwa yana rataye a ƙusa, an soke allurai biyu a jikinsa.

"Allah ya yi maka albarka, Baban Murja," in ji Gwaggo. "Daddawa na roƙa, sai ga wuƙa. Na ce wannan ba dabarar Sa'a ba ce, taka ce. Sai dai ba ta da kaifi sosai, na ɗan wasa ta a bakin turmi da dutse."

Jibirin ya runtse ido. Shekara shida yana shafa mata mai da auduga.

Ya yi gyaran murya, ya fara bayani ta nesa, cewa akwai wata ƙungiya, akwai kuma wannan bawan Allah da ya zo daga Kabo. Gwaggo ta saurara har ƙarshe tana ci gaba da yankanta.

"Yanzu dai kyautar ce ka biyo?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo."

"Shi malamin me zai yanka da ita?"

Gamaliel ya ce, "Ba komai, Mama. Ajiyewa zan yi."

"Ajiyewa." Ta dube shi, ta dubi Jibirin. "Ku nawa ne masu wannan lalurar?"

"Mun kai sittin," in ji Jibirin a hankali.

Ta ce Allah ya sawwaƙe. Sannan ta sunkuya ta jawo wata tsohuwar wuƙa daga ƙarƙashin kujerarta ta ajiye a gabansu. Baƙa ce, wasawa ta cinye cikinta har ta rame ta lanƙwashe, ƙotar icen ta yi santsi tana sheƙi. Ta ce in ajiya ce, ga wadda ta gaji ta cancanci hutu, a bar mata mai aiki.

Jibirin ya buɗe baki zai ce ba a yin haka, sai ya ga Gamaliel ya ɗauki wuƙar da hannu biyu. Ya juya ta, ya goge gindinta da babban yatsa, ya matso da ita kusa da ido. Akwai ɗigo uku da wani ɗan layi da aka buga a jikin ƙarfen.

"Mama, wa ya ƙera wannan?"

"Mahaifina. Maƙeri ne a nan Garo. Da ita aka kawo ni gidan nan, yau shekara hamsin da wani abu. Duk abin da ya ƙera sai ya sa wannan alamar."

Gamaliel ya gyara zama a ƙasa. Ya tambayi sunan tsohon, da inda maƙerar take, da irin ƙarfen da yake amfani da shi. Gwaggo ta ajiye kuɓewa ta shiga ba shi labari, yadda take zuga masa zugazugi tana yarinya, yadda manoma ke cika ƙofar gidansu kafin saukar ruwan fari. Ya fito da biro yana rubutawa a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi. Da ta gama sai ya ce ba zai iya raba ta da abin mahaifinta ba.

"Akwai lauje biyu da fartanya nasa a ɗaki," in ji ta. "'Ya'yana ba wanda ya taɓa tambayata sunan maƙerar. Ɗauki."

Jibirin ya ja shi gefe ya ce masa wannan ba ta kai rabin darajar waccan ba, zai mayar masa da tasa mai naɗewa. Gamaliel ya ce a'a, shi ya gamsu, wuƙar Buzaye ana samu a kasuwa.

A nan tsakar gidan suka ɗauki sabon bidiyo. Gamaliel ya nuna wuƙar da alamarta, ya ce musaya ta kammala kuma ba shi da ƙorafi. Gwaggo ta leƙo ta bayansa ta ce a gaya wa sauran sittin ɗin su nemi abin yi. Zayyad ya mayar da Jibirin zaure kafin Azahar, amma ya ce shugabancin zai ɗan riƙe zuwa ƙarshen wata, don a tabbatar.

Gwaggo ba ta bar su sun tafi ba sai da aka sauke tuwo. Suka ci a zauren gidan su biyu, Gamaliel na santin miyar, Jibirin na ci a hankali yana jin ƙarar dutse daga cikin gida, inda Gwaggo ta sake zama tana ƙara wa sabuwar wuƙarta kaifi, domin akwai kabewar da za ta fasa da yamma.