Katangar Taurarin Dakta Furera

Cunkoso ya tsayar da Keke Napep ɗin su Furera a Ƙofar Marusa lokacin da saƙon ya shigo wayarta. Daga Timothy ne, abokin bincikenta da ke aiki a ƙasar waje. Ta karanta sau biyu, ta kife wayar a cinya. Matar da ke gefenta tana ta mitar zafi, ita ko zafin ma ba ta ji.

Shekara huɗu ke nan tana nazarin taswirar sararin samaniya, wadda kowane ɗigo a cikinta gungun taurari ne. A wani yanki ta ga ɗigogin sun jeru kamar katanga, mai tsawon da haske kansa sai ya yi shekaru biliyoyi kafin ya ƙure ta. Jami'ar da take koyarwa ta ji labari, ta sa yau ranar karrama ta. Gwaji ɗaya ya rage, shi ne Timothy ya aiko da sakamakonsa. Kwamfutarsu ta kwaikwayi sararin samaniya sau dubu, tana watsa ɗigogin ba tare da an gina wata katanga ba. Sau ɗari da arba'in, irin tata ta fito da kanta. Ke nan tata ma tana iya zama dace kawai. Kuma sararin samaniya ɗaya ne, babu na biyu da za a auna a kwatanta.

Ta tarar da Farfesa Babaji, shugaban sashensu, yana gyara hula a ofis. Bayan sun gaisa ta miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo.

"Amma ai bai ce babu ita ba, Dakta."

"Bai ce ba, ranka ya daɗe. Bai kuma ce akwai ba."

"To ki bari a gama taron. An buga sunanki a ƙyalle, baƙi sun zauna. Gobe ma rana ce."

Ta ce to.

A layin gaba na zauren ta hango mahaifinta, Malam Mati, wanda ya rufe shagon ɗinkinsa na Gobarau ya zo da abokansa uku. Ya ɗaga mata hannu.

Da aka kira ta, ta tsaya ta ajiye takardar da ta rubuta. Muryarta ta fito shiru-shiru, kamar mai karanta sanarwa. Ta faɗi sau dubun, ta faɗi ɗari da arba'in ɗin. Ta ce abin da aka tara su dominsa wataƙila babu shi, kuma da wuya a tabbatar nan kusa. Farfesa Babaji ya sunkuyar da kai.

Sai wani daga bayan zauren ya ce, "Masha Allah!" Tafi ya ɓarke. Abokan mahaifinta suka miƙe tsaye, wata ta rangaɗa guɗa. Babban baƙo ya hau dandamali ya damƙa mata allon karramawa, yana cewa ilimi ke nan, ko shi bai gane rabinsa ba.

Ta riƙe allon da hannu biyu. Ya fi yadda ta zata nauyi.

"Dakta, a ɗan yi murmushi," in ji mai hoto.

Ta yi.